Ƙodar da Ban Ba Garba Ba

Ku 'ya'yana, akwai wani labari da kuka taso kuna ji a gidan nan, har wasunku sun fara ba nasu 'ya'yan. Wai a shekarar da ciwon ƙoda ya kwantar da Baffanku Garba, na bar aikina a Nguru na tafi Kano don a cire tawa a dasa masa, likita ta duba ta ce ba ta dace da jikinsa ba. Rabin labarin gaskiya ne. Na je Kano, an ɗebi jinina, an yi mini duk gwajin da ake yi. Sauran rabin ni na gina shi, kuma shekara ashirin ke nan ina cin yabonsa. Yanzu da idona ya fara gazawa, hannuna yana rawa in na riƙe biro, na ga gara ku ji daga gare ni tun ina da bakin faɗa.

Manyanku sun san Garba, ƙananan kuwa sai a hoto. Shekara huɗu na ba shi, uwa ɗaya uba ɗaya, a gidanmu na Gashua da ke gangaren kogi. Ni na bi boko har na zama malamin sakandare. Shi daga firamare ya ce kujerar aji tana cizonsa, ya kama sayar da maganin dabbobi. Kullum yana bayan a-kori-kura da kwalayensa, yau Jakusko, gobe Kumagannam, jibi Machina. Yana jin Fulatanci da Barbarci da Badanci, kuma babu rugar da zai shiga a bar shi ya fita bai sha nono ba. Mutum ne mai dariya da dukan jikinsa. In ya shigo gida tun daga zaure za a san ya iso.

Abin da ya haɗa mu, ya kuma raba mu, shi ne musu. Duk hutun makaranta in na zo Gashua, sai mu shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida mu ɗora daga inda muka tsaya. Musun guda ɗaya ne, kaya kawai yake sakewa. Ni na karanta wata tsohuwar tambaya a littattafan malamai, na sake haɗuwa da ita a kwaleji: shin mai kyau da mummuna abu ne tabbatacce da hankali zai iya ganewa, ko kuwa abin da mutane suka saba ne? Na tsaya a kan cewa tabbatacce ne. Zalunci mugu ne ko da gari duka ya taru ya yi masa guɗa, kamar yadda biyu da biyu huɗu ne ko a Nguru ko a Makka. Na kuma ƙara da cewa duk wanda ya san daidai sani na haƙiƙa, to zai aikata shi, mugunta jahilci ce kawai. Da wannan imanin nake shiga aji kowace safiya, kuma shi ya sa nake ganin aikina ya fi na kowa.

Garba ba ya jayayya da abin da Allah ya haramta. Amma ya ce in ka cire wannan, yawancin abin da muke kira daidai, inda aka yaye mutum ne kawai.

“Yaya, kai allo kake kallo, ni mutane nake kallo,” in ji shi. “Na san Bafulatanin da gara yunwa ta kashe shi da ya kai loma baki a gaban surukinsa. Na san masunci a nan bakin kogi da suke cin tuwo kwano ɗaya da nasa. Kowanne yana ganin ɗayan ba shi da tarbiyya. Wa zai raba su? Kai?”

“Wannan al'ada ce,” na ce. “Ina maganar zalunci da cin amana. Nuna mini garin da ake yabon maci amana.”

“Ba a yabonsa in naka ya cuta. In na wani ya cuta ya kawo maka, sai ka ce wayo gare shi.”

Inda muka fi ɗaukar zafi shi ne kan abin da ke sa mutum ya aikata. Ya ce sani ba ya ɗaga ƙafar kowa. Tausayi ne da kunya da tsoro suke tuƙa mutum, hankali kuwa maroƙin zuciya ne, duk inda ta nufa sai ya bi ta yana mata kirari. Ya taɓa ganin kwalekwale ya kife da mata masu dawowa daga kasuwa wata shekara da kogi ya cika. Ya ce waɗanda suka faɗa ruwa suka ceto su, ko takalmi ba su tsaya cirewa ba, balle tunani. Waɗanda suka tsaya tunani kuwa suna nan a gaɓa, kuma kowannensu yana da hujja mai kyau. Na ce in haka ne babu wanda ya cancanci yabo ko zargi, domin ɓarawon shanu ma zuciyarsa ce ta kai shi. Ya ce ai shi ya sa ake dukansa, don zuciyar ta ji tsoro, ba don a koya masa abin da bai sani ba.

Inna, kakarku, takan saurare mu daga bakin murhu har ta gaji.

“Ku ci burabuskon nan kafin ya huce,” takan ce. “Mai kyau da mummuna ba gudu za su yi ba.”

A ƙarshen wata damina ƙafafunsa suka fara kumbura. Ya ce zaman mota ne. Sai fuska ta biyo, sai amai, sai ya zama in ya taka daga ɗaki zuwa zaure dole ya zauna ya huta. A Gashua ba sai an gaya wa kowa ma'anar wannan ba. Unguwarmu kaɗai ta binne mutane da dama da irin wannan kumburi, ana ta cewa ruwa ne, ana cewa magungunan gona ne, babu wanda ya tabbatar. Aka kai shi Kano. Shi da matarsa Falmata suka kama ɗaki kusa da asibiti, ana masa wankin ƙoda sau biyu a mako. Bayan wata uku likitoci suka ce wankin nan jinkiri ne kawai, abin da zai tashe shi dashe ne, kuma ta ɗan'uwa ta fi kamawa.

Falmata ce ta fara miƙa hannu, jininta bai zo ɗaya da nasa ba. Ƙanwarmu Hajara tana da hawan jini, aka sallame ta tun a ƙofa. Saura ni. Ban jira an roƙe ni ba. A gaban Inna da dangi na ce wannan ba abin shawara ba ne, duk mai hankali ya san abin da ya kamata. Na faɗa da irin muryar da nake magana da ita a aji.

Mahaifiyarku ta yi magana sau ɗaya tak, ranar da take haɗa mini kaya.

“Malam, ruwan da ya sha kai ma shi ka sha har ka girma. In ka ba da ɗaya, wadda ta rage ta tashi fa? Yara biyar ne.”

Na yi mata dogon wa'azi har ta yi kuka ta ba ni haƙuri. Ina so ku riƙe wannan da kyau, domin kada wani ya ɗora mata abin da ba nata ba. Ba ta sake ɗaga maganar ba, kuma har ta rasu ba ta san abin da ya faru a Kano ba. Na kuma je wurin wani dattijon malami a Nguru bayan sallar Juma'a, ba don ina shakka ba, don dai in ji ya tabbatar mini. Ya ce sadaka ce mai girma, amma ba farilla ba ce, wanda ya bari bai yi zunubi ba. Na fito ina jin haushinsa, ina ganin ya rage wa abin daraja.

Kwana takwas na yi a Kano ana gwaje-gwaje. Ranar da za a faɗi sakamako da hantsi, ina zaune a kan benci a baranda, aka turo wani mutum daga ɗakin tiyata. Sa'ana ne ko ya ɗan fi ni. An manne masa gefen ciki da farin bandeji, robobi suna fita daga jikinsa, bakinsa a buɗe, idonsa bai rufe duka ba. Warin magani da na jini ya bi bayan gadon. Ban san ko wane ne ba, ban ma san ko ƙoda aka yi masa ba. Abin da na sani, gumi ya jiƙa mini riga, na ji wani irin tsoro ya kama ni wanda ban taɓa ji ba tun ina yaro. A haka aka kira sunana.

Likitar mace ce, ba ta kai shekaruna ba. Ta rufe ƙofa, ta ce komai ya yi kyau, tawa ta dace da shi sosai. Sai ta ajiye takardun ta dube ni.

“Malam Usman, akwai abin da muke gaya wa kowa shi kaɗai. Wannan abu babu tilas a cikinsa. In zuciyarka ba ta kwanta ba, ka faɗa mini. Za mu ce wa iyali ba za a iya ɗaukar taka ba, babu wanda zai ji dalili daga bakinmu.”

“A ce ba ta dace ba,” na ce.

Ko shan kofin ruwa ya fi wannan daɗewa. Ban auna komai ba. Sai da na fito baranda hujjojin suka iso, ɗaya bayan ɗaya, a tsare: yara biyar, ruwan Gashua, maganar malam cewa ba farilla ba ce, da waɗanda aka yi wa dashe jikinsu ya ƙi karɓa. Hujjoji ne masu kyau, har yau ban iya rushe ko ɗaya ba. Amma na san lokacin da suka zo. Sun tarar an riga an gama.

Na sami Garba a kan na'urar wanki, jininsa yana zagayawa a cikin robobi. Falmata tana gefensa tana masa fifita. Na ce likita ta ce tawa ba ta dace ba. Falmata ta rufe fuska da mayafi. Shi kuwa ya ɗan jima yana kallon fankar da ke sama, sannan ya ce:

“Alhamdu lillahi, Yaya. Haka Allah ya so. Ka koma wa ɗalibanka.”

A Gashua, Inna ta dafa kaina kamar ina ƙaramin yaro, ta ce Allah ya ga niyyata, kuma ladana yana nan cikakke. Maƙwabta suka riƙa shigowa suna mini sannu. A masallaci wani ya nuna ni ga ɗansa ya ce ka ga zumunci. Na sunkuyar da kai, suka ɗauka tawali'u ne.

Daga nan na daina zuwa. Wata biyar ban je wurinsa ba, sai dai in yi aike. Da jikinsa ya gaji da wankin, ya ce a mayar da shi gida kusa da Inna, aka dawo da shi Gashua. Tsakanin Nguru da Gashua tafiyar safe ce a dawo da yamma, amma kullum ina da jarrabawar dubawa ko taron malamai. Wata ranar Laraba wani direba da ya saba ɗaukar kayansa ya tsaya a ƙofar makaranta, ya ce Garba ya ce a gaya wa Yaya akwai sauran musu.

Na isa bayan la'asar. An fito da shi tsakar gida an jingina shi da matasai. Mutumin da muryarsa take cika unguwa, sai da na matso da kunne. Ya ce wa Falmata ta je ta taya Inna tsince shinkafa a ɗaki. Da ta tafi ya ce:

“Yaya, ranar nan, kafin ka shigo, lokacin Falmata ta ɗan fita, wani ma'aikaci ɗan wajenmu ya zo ya yi mini albishir. Ya ce ya ga takarda, ta yayana ta dace. Bai san ba a faɗa ba.”

Kaji suna tono kusa da randa. Ina jin muryar Inna daga ɗaki tana yi wa Falmata faɗan ta ci abinci.

“Ban kira ka don ƙoda ba,” ya ce. “Tsoro ne, na sani. Ba kai ka zaɓe shi ba. Da ni ne wataƙila da na ba ka, amma ba don na fi ka kirki ba. Ni haka aka yi ni, sai na faɗa ruwa nake tambayar zurfinsa. Wannan ba abin yabo ba ne.”

“A'a, Garba. Na san abin da ya kamata. Na sani sarai, ban yi ba.”

“To ka ga, ai abin da nake gaya maka ke nan shekara da shekaru.” Ya so ya yi dariya, tari ya tare shi. Na riƙe masa kofi ya kurɓa. Da numfashinsa ya dawo, fuskarsa ta canza. “Amma akwai inda na tsaya na kasa wucewa. Ƙaryar nan, Yaya. Na kwanta a kan injin nan na juya ta ta kowane gefe. Na san mutane da yawa da za su ce ka kyauta, ka rufa wa kanka asiri, ka kare zuciyar tsohuwa. Da labarin wani ne, ni ma haka zan ce. Na nemi in ji haushinka ma, ban ji ba. Amma duk yadda na juya ta, ta ƙi zama daidai. Da ka zo ka ce, Garba, na ga abin na tsorata, da na zage ka, mu yi kuka, ka zauna kusa da ni. Ƙoda taka ce. Amma wata biyar ka hana ni yayana.”

Nan na fashe da kuka, irin wanda ban yi ba ko ranar da mahaifinmu ya rasu. Ya bar ni na yi. Can ya ɗora hannunsa a kan gwiwata, hannun ya kumbura har yatsun ba sa lanƙwasuwa.

“Wataƙila a nan kai ne da gaskiya,” ya ce. “Akwai abin da ba ya gyaruwa ko kowa ya yafe. Ni dai na yafe. Abu ɗaya nake roƙo, kada Inna ta ji. Ɗa ɗaya za ta rasa, kada su zama biyu.”

Ban koma Nguru ba. Na aika wa shugaban makaranta cewa ba ni da ranar dawowa. Kwana tara na samu. Ni nake juya shi, ni nake masa alwala, ni nake ɗaga shi in zai yi amai. Ba mu sake yin musu ba. Yakan ba ni labarin rugage da kasuwanni, wane ne mai gaskiya a cikin dillalan Kumagannam, wace tsohuwa ce a Machina take kiransa ɗanta. Ranar ta goma da safe ya cika. Ni na shiga kabari na karɓe shi, na kwantar da shi a kan damansa.

Bayan haka na koma aji na yi shekara goma sha biyu kafin in yi ritaya, amma ban sake gaya wa ɗalibi cewa mugunta jahilci ce ba. In kuna so ku san inda na tsaya yau, ga shi. Har gobe na yarda daidai daidai ne ko ana so ko ba a so, ban ga abin da zai raba ni da wannan ba. Abin da na daina yarda da shi, shi ne cewa saninsa ya isa. Ko ba da ƙodar ya wajaba a kaina, malamai sun ce bai wajaba ba, ban kuma isa in yi jayayya da su ba. Amma ni na tsaya a gaban dangi na ce duk mai hankali ya san abin da ya kamata, kuma ban yi ƙarya ba a ranar. Shekarar da ta wuce aka duba ni a asibiti saboda ciwon gwiwa, yaron likitan yana murmushi ya ce, Baba, ƙodojinka kamar na saurayi. Na yi masa godiya.

Inna ta rayu shekara shida bayan Garba, tana sa mini albarka har ranarta ta ƙarshe. Alkawarin da na ɗauka ya ƙare da rasuwarta. Shirun da na yi daga nan zuwa yau ba na Garba ba ne, nawa ne. A cikinsa ne Yagana, 'yarsa ta fari, ta haifi ɗa namiji, ta sa mijinta ya raɗa masa Usman, ta ce don Baffan da ya so ya ba babanta ƙodarsa. Ni aka miƙa wa jaririn na yi masa addu'a.

Watan jiya na shiga mota na tafi Gashua, domin bai dace ku karanta wannan kafin Falmata ta ji ba. Na same ta tana shanya kuɓewa a tsakar gida, ta tsufa ita ma. Ta yi mini wushe wushe, sannu da zuwa irin ta Barebari, ta kawo ruwa, ta zauna nesa kaɗan kamar yadda ta saba. Na faɗa mata komai, ban rage ba. Ba ta katse ni ba.

“Ya sani?” ta ce.

“Ya sani tun ranar.”

“Ina gefensa ina masa fifita, bai gaya mini ba.”

“Bai gaya wa kowa ba.”

Ta tashi ta tattara kuɓewar da ba ta gama bushewa ba, ta zuba a faifai, ta sake baza ta a inda take. Sannan ta juyo.

“Yaya Malam, shi ya yafe nasa, yana da wata biyar da ya yi yana tunani. Ni yanzu na ji. Ka ba ni lokaci.”

Na ce ta ɗauki duk lokacin da take so. Ta raka ni har zaure, domin ita mace ce da ba ta barin baƙo ya fita shi kaɗai, amma ba ta ce in gaida gida ba. Yau kwana talatin da ɗaya. Kada ɗayanku ya je ya roƙe ta a madadina.